Yadda za ka karanci tarihin ƙungiyoyin Serie A, daga Genoa zuwa Napoli

Yawancinmu ta dalilin ɗan wasa muka shiga ƙwallon Italiya. Wani George Weah ne ya ja shi zuwa Milan, wani Obafemi Martins ne da alkafurarsa ya kai shi Inter, yaran yanzu kuwa Victor Osimhen ya kai su Napoli, Ademola Lookman ya kai su Atalanta. To amma ɗan wasa baƙo ne, raɓa ne, yau yana nan gobe ya tashi, ya bar ka riƙe da ƙungiyar da ba ka san asalinta ba. Sai a zauna gidan kallo ana musu, kowa yana jefo adadin kofuna, ba wanda zai iya faɗin yadda aka yi kofunan suka taru a hannun ƙungiyoyi uku kacal.

Wannan jagora na wanda yake son ya wuce nan ne. Ka tanadi littafin rubutu da biro, da taswirar Italiya, da jerin zakarun gasar tun daga 1898, wanda za ka samu a intanet cikin minti ɗaya. Ka bi matakan a jere, domin kowanne a kan na bayansa ya hau.

Mataki na ɗaya: ɗora kofuna a kan taswira

Kafin ka karanta tarihin kowace ƙungiya, ka sa alama a kan birane uku na arewa maso yamma: Turin, Milan da Genoa. Daga nan ka rubuta adadin kofunan gasar a gefen kowane birni. Zuwa ƙarshen kakar 2024-25, Juventus na da 36, Inter 20, Milan 19. Genoa na da 9, Torino da Bologna da Pro Vercelli kowace 7, Napoli 4, Roma 3, Lazio da Fiorentina bibbiyu. Casale, Novese, Cagliari, Verona da Sampdoria kowace ta taɓa ci sau ɗaya. Ƙungiyoyi 16 ke nan, kofuna 121, kuma 75 daga ciki suna hannun manyan ukun nan.

Da ka gama za ka ga tawada ta cushe a sama, ƙasan taswirar kuwa kusan fayau. Kudu da birnin Rum, Napoli ce kaɗai da Cagliari ta tsibirin Sardiniya suka taɓa ɗaga kofin. Dalili shi ne arzikin Italiya a arewa ya fara taruwa: kamfanin motoci na Fiat a Turin, bankuna da masana'antu a Milan, babbar tashar jiragen ruwa a Genoa. A shekarun 1950 da 1960 talakawan kudu suka yi ta kwarara arewa neman aiki a masana'antu, shi ya sa har yau Juventus ke da ɗimbin magoya baya a Sisili da sauran yankunan kudu. Wanda ya gane wannan zai gane abin da ya sa mutanen Napoli ke kuka da hawaye idan sun ci kofi.

Mataki na biyu: ja layi a kan 1929

Ka koma jerin zakarun, ka ja layi da biro tsakanin kakar 1928-29 da ta 1929-30. Abin da ke ƙasan layin shi ne Serie A da muka sani, inda kowace ƙungiya ke karawa da kowace gida da waje. Da ƙungiyoyi 18 aka fara. Abin da ke sama kuwa akasari gasar yankuna ce, ana fitar da gwanin kowane yanki sannan a yi wasan ƙarshe.

Gasar farko ma a yini guda aka yi ta, ranar 8 ga Mayu 1898 a Turin. Ƙungiyoyi huɗu, uku 'yan gari da Genoa baƙuwa, kuma baƙuwar ce ta tafi da kofin. Duk kofunan Genoa tara a saman layin suke, na ƙarshe a 1924. Haka na Pro Vercelli bakwai, tsakanin 1908 da 1922, ƙungiyar wani ƙaramin gari da ya yi suna wajen noman shinkafa. Kada ka raina waɗannan kofuna, hukumar ƙwallon Italiya tana ƙirga su daidai da na yau. Sai dai idan ana musu kan wa ya fi wa, ka san waɗanne aka ci a zamanin da ƙwallo ke hannun 'yan sa-kai. Za ka kuma ga zakaru biyu a kakar 1921-22, Novese da Pro Vercelli. Ba kuskuren ɗab'i ba ne: manyan ƙungiyoyi ne suka yi fushi da hukuma suka ɓalle suka shirya tasu gasar, aka yi shekara guda a rabe sannan aka sasanta.

Mataki na uku: tambayi yadda aka haifi ƙungiyar

Nan ne ya kamata ka daɗe, don sunan ƙungiya kansa yakan ba da rabin labari. Ka buɗe shafi guda ga kowace, ka rubuta shekarar kafuwa, wa ya kafa ta, da ma'anar sunan.

Wasu Ingilishi ne suka kafa su. Genoa ta 1893 kulob ne na Turawan Ingila mazauna garin, da farko ma wasan kurket suka fi mayar da hankali a kai, sai wani likita, James Spensley, ya ƙarfafa ɓangaren ƙwallon ƙafa. Milan ta 1899 kuwa Herbert Kilpin, mutumin Nottingham, yana cikin waɗanda suka kafa ta. Shi ya sa ƙungiyoyin biyu ke ɗauke da sunan garinsu yadda Ingilishi ke faɗa, alhali 'yan ƙasa Genova da Milano suke cewa.

Wasu ɗalibai ne. Juventus yaran wata makarantar sakandare ne a Turin suka kafa ta a 1897, sunan kuma kalmar Latin ce mai nufin samartaka. Riga mai ruwan hoda suka fara sawa, sai a 1903 aka kawo musu riguna masu zanen baƙi da fari irin na Notts County, ƙungiyar garin Nottingham. Ka lura Nottingham ta sake fitowa, gari ɗaya ya taɓa manyan abokan hamayya biyu.

Wasu kuma rigimar cikin gida ce ta haife su. Torino ta fito daga Juventus a 1906. Inter ta fito daga Milan ranar 9 ga Maris 1908, saboda saɓani kan 'yan wasa baƙi. Waɗanda suka ɓalle suna son ƙofa ta zauna a buɗe ga kowa, suka sa wa ƙungiyarsu Internazionale, wato ta ƙasa da ƙasa. Duk lokacin da ka ga wasan hamayyar birnin Milan, rigimar 'yan gida ɗaya kake kallo, kuma tun 1947 fili ɗaya suke rabawa, San Siro, wanda shugaban Milan Piero Pirelli ya gina a 1926.

Kashi na ƙarshe siyasa ce ta haɗa su. Gwamnatin Mussolini ta so kowane babban birni ya samu ƙungiya guda mai ƙarfi, musamman a tsakiya da kudu. Ka duba shekarun: Fiorentina 1926, Napoli 1926, Roma 1927. Roma haɗakar ƙungiyoyi uku ce na birnin Rum. Lazio, wadda ta girme su tun 1900, ta ƙi shiga, da taimakon wani janar mai faɗa a ji, Giorgio Vaccaro. Gabar Roma da Lazio daga nan ta samo tushe. Gwamnatin ba ta son sunaye masu ƙamshin waje, don haka a 1928 aka mayar da Inter ta zama Ambrosiana. Idan ka ga Ambrosiana a matsayin zakarar kakar farko ta Serie A, Inter ce. Sampdoria ta zo daga baya, a 1946, daga haɗewar Sampierdarenese da Andrea Doria, aka yanko rabin sunan kowace aka ɗinke.

Mataki na huɗu: koyi karanta riga

Wannan gajere ne. Ƙaramar garkuwa mai kore da fari da ja a ƙirji, ita ake kira scudetto, kuma zakarar bara ce kaɗai ke sa ta. Genoa ta fara sawa a 1924. Alama mai zagaye da launuka iri ɗaya ta mai riƙe da Coppa Italia ce. Tauraro kuwa kofunan gasa goma yake nufi: Juventus ta fara sa shi a 1958, yanzu tana da uku, Inter ta samu na biyu a 2024, Milan na da ɗaya tun 1979. Genoa ta tsaya a tara, kofi ɗaya ya rage mata, an fi shekara ɗari ana jira.

Mataki na biyar: nemi mai kuɗin

A ƙarƙashin kowane zamani na nasara, ka rubuta sunan mai ƙungiya da sana'arsa. A ganina wannan ne mabuɗin tarihin Serie A gaba ɗaya, domin a Italiya ƙungiya takan zama tamkar gidan attajiri guda, ta tashi da tashinsa, ta faɗi da faɗuwarsa.

Iyalan Agnelli, masu Fiat, sun karɓi Juventus a 1923 kuma har yanzu tana hannun zuriyarsu. Wannan daɗewa ce ta ba ta kofuna biyar a jere daga 1931 zuwa 1935, da tara a jere daga 2012 zuwa 2020. Inter ta shekarun 1960, wadda ta ci Kofin Turai a 1964 da 1965 ƙarƙashin koci Helenio Herrera, da kuɗin man fetur na Angelo Moratti aka gina ta. Ɗansa Massimo ne ya kawo José Mourinho, aka ci kofuna uku a 2010 da Samuel Eto'o da Sulley Muntari a cikin tawagar. Milan kuwa tana cikin mawuyacin hali lokacin da Silvio Berlusconi, mai gidajen talabijin, ya saye ta a 1986. Ya ɗauko Arrigo Sacchi, ya sayo 'yan Holan uku, Gullit da Van Basten da Rijkaard. Biyar daga cikin kofunan Turai bakwai na Milan a zamaninsa aka ci su.

Ka yi wa ƙananan ma wannan tambaya. Sampdoria ta 1991, ta Vialli da Mancini, Paolo Mantovani ne ya raine ta da kuɗin mai. Lazio ta 2000 ta Sergio Cragnotti ce, mai kamfanin abinci na Cirio. Yau hoton ya sauya: Milan da Inter da Roma duk suna hannun masu zuba jari na Amurka.

Mataki na shida: tsaya a duk inda jerin ya yi giɓi

Za ka ga shekarun da ba zakara. Daga 1915 zuwa 1919, da kuma 1943 zuwa 1945, yaƙin duniya ne. Amma 1927 da 2005 labarinsu daban. Kofin 1927 Torino ce ta ci, aka ƙwace saboda zargin ba wani ɗan wasan Juventus toshiyar baki, ba a kuma ba kowa ba.

Na 2005 shi ne abin da ake kira Calciopoli. A 2006 aka fitar da hirarrakin waya da suka nuna manajan Juventus, Luciano Moggi, yana da hannu wajen zaɓen alƙalan wasa. Aka ƙwace wa Juventus kofunan 2005 da 2006, aka tura ta Serie B, wato rukuni na biyu. Na 2005 aka bar shi ba mai shi, na 2006 aka ba Inter. Milan, Fiorentina, Lazio da Reggina aka zabtare musu maki. Ibrahimovic da Vieira suka koma Inter, su Buffon da Del Piero da Nedved da Trezeguet suka bi ƙungiyar ƙasa, suka dawo da ita bayan kaka guda. Abin mamaki, a wannan bazarar ce Italiya ta ci Kofin Duniya a Jamus. Idan ka ji ɗan Juventus yana cewa kofunansu 38, waɗannan biyun yake haɗawa. Hukuma 36 ta sani, kuma da shi za ka yi lissafi.

Akwai kuma tabon da jerin ba ya nunawa. A 1980 badaƙalar cacar wasanni ta jefa Milan da Lazio Serie B, aka dakatar da Paolo Rossi shekara biyu. Milan ta dawo, ta sake faɗawa a 1982, wannan karon saboda rashin nasara a filin wasa. Inter ce kaɗai ba ta taɓa rasa kakar Serie A ko ɗaya ba tun 1929.

Sai ka zo kan 1949, inda nake so ka ajiye biro ka karanta a natse. Torino ta wancan zamani ta ci kofin 1943, ta ci na 1946, 1947, 1948, tana dab da na 1949. Ƙarfinta ya kai a wani wasa da Hungari a 1947, 'yan wasa goma cikin sha ɗaya na tawagar Italiya nata ne. Ranar 4 ga Mayu 1949, suna dawowa daga wasan sada zumunci da Benfica a Lisbon, jirginsu ya daki katangar cocin da ke kan tudun Superga, a gefen Turin, cikin hazo. Mutum 31 ne a ciki, ba wanda ya fita, 18 daga cikinsu 'yan wasa, har da kyaftin Valentino Mazzola. Tsohon kocin ƙasa Vittorio Pozzo ne aka kira ya tantance gawawwakin yaran da ya sani ɗaya bayan ɗaya. Wasanni huɗu suka rage a kakar. Torino ta fito da matasanta, abokan karawarta su ma suka fito da nasu don girmamawa. Firgicin ya kai tawagar Italiya ta tafi Kofin Duniya na 1950 a Brazil ta jirgin ruwa. Tun daga nan sau ɗaya Torino ta sake cin kofin gasar, a 1976. Har yau duk 4 ga Mayu kyaftin ɗin ƙungiyar yakan hau Superga ya karanto sunayen mamatan. Ɗan Valentino, Sandro Mazzola, wanda yake yaro ƙarami lokacin hatsarin, shi ne ya girma ya zama tauraron Inter ta Herrera.

Mataki na bakwai: duba ko ƙungiyar ta taɓa mutuwa

A Italiya ƙungiya kan durƙushe saboda bashi, kotu ta rufe ta, a sake kafa wata a rukunin ƙasa, daga baya ta sayi tsohon suna da tambari. Fiorentina ta rushe a 2002, ta dawo daga rukuni na huɗu da sunan Florentia Viola. Napoli ta rushe a 2004, mai shirya finafinai Aurelio De Laurentiis ya tashe ta daga rukuni na uku. Parma, wadda kuɗin kamfanin madara na Parmalat ya kai ta ga kofunan Turai a 1993, 1995 da 1999, ta fara tangal-tangal da kamfanin ya karye a 2003, ta faɗi warwas a 2015. Daga Serie D, wato rukuni na huɗu, ta faro, ta hau rukuni uku a jere, ta koma Serie A a 2018. Don haka idan ka ga ƙungiya da shekarun kafuwa biyu, ka rubuta duka biyun, ka nemi abin da ya faru a tsakani.

Mataki na takwas: daidaita alƙaluma kafin ka kwatanta

A nan ake yawan yin kuskure. Nasara maki biyu ce har zuwa 1994, sai daga kakar 1994-95 ta koma uku. Yawan ƙungiyoyi ma ya sha canzawa: 16 ne daga 1967 zuwa 1988, 18 daga nan zuwa 2004, sannan 20.

Ga yadda ake yi. Verona ta ci kofin 1985 da maki 43. Wanda ya ajiye wannan kusa da maki 102 na Juventus a 2014 zai ɗauka wasa ne. Amma Verona wasa 30 ta buga, ta ci 15, ta yi canjaras 13, aka doke ta sau 2. Ka ninka 15 sau uku ka ƙara 13, ka samu 58, ka raba da 30, kusan maki biyu ke nan a kowane wasa, a gasar da Platini da Maradona da Zico ke ciki. A waccan kakar da ƙuri'a aka riƙa raba alƙalan wasa, kuma 'yan Italiya ba su daina ambaton hakan ba idan ana zancen Verona.

Haka za ka yi da ƙwallaye. Maradona ya zama sarkin zura ƙwallo a 1988 da 15 kacal, Osimhen ya zama a 2023 da 26, ɗan Afirka na farko da ya yi hakan. Zamanin Maradona wasanni sun fi kaɗan, tsaron baya kuma kamar ganuwa. Cagliari ta Gigi Riva ƙwallo 11 kawai aka zura mata a duk kakar da ta ci kofin 1970. Perugia kuwa ta gama kakar 1978-79 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, amma canjaras ya yi mata yawa, ta ƙare ta biyu.

Ka kuma tuna cewa bayan Koriya ta Arewa ta fitar da Italiya daga Kofin Duniya na 1966, an rufe ƙofar sayo 'yan wasa daga waje har 1980. Duk abin da ka ga ƙungiya ta yi a wannan tsakani, da 'yan gida ta yi shi, sai 'yan tsirarun baƙin da dokar ta tarar a ciki.

Mataki na tara: ɗauki ƙungiya guda ka bi ta daga farko

Yanzu ka haɗa duka a kan ƙungiya ɗaya. Ni da Napoli zan ba ka shawarar farawa, don kusan kowane mataki ya ratsa ta: 'yar kudu ce, an kafa ta a 1926, ta yi shekara sittin ba kofin gasa har Maradona ya zo daga Barcelona a 1984 ya kai ta ga na 1987 da 1990, ta mutu a 2004, ta tashi, ta jira shekara 33 kafin na 2023, ta ƙara a 2025. Filin wasanta sunan Maradona yake ɗauke da shi tun bayan rasuwarsa a 2020.

In ka fi son wadda ba a cika magana a kanta ba, ɗauki Bologna. Kocin da ya ba ta kofunan 1936 da 1937, Árpád Weisz, Bayahude ne ɗan Hungari, dokokin wariyar Mussolini suka kore shi daga ƙasar, aka kashe shi a sansanin Auschwitz a 1944. Kofinta na 1964 kuwa sai da aka yi wasan raba gardama da Inter a Rum, ta ci 2-0, kuma shi ne karo ɗaya tak da aka fitar da zakaran Serie A ta wannan hanya.

A shafin ƙarshe ka buɗe jerin 'yan Afirka da suka taka leda a ƙungiyar da ka zaɓa, da shekarunsu: Kanu da Taribo West a Inter, Sunday Oliseh a Reggiana da Juventus, Kwadwo Asamoah a Udinese da Juventus, Lookman da ƙwallayensa uku a ragar Leverkusen a wasan ƙarshe na Europa League na 2024. A saman shafin ka rubuta sunan wanda ya buɗe musu ƙofa: François Zahoui, ɗan Kodebuwa, wanda ƙaramar ƙungiyar Ascoli ta ɗauko a 1981, shekara guda bayan an ɗage takunkumin baƙi. Mutanen Nijar sun san shi, shi ne ya zo ya horar da Mena, tawagar ƙasarsu, daga 2015.